Ranar da Kalkuleta Ta Mai da Mu Attajirai

Taransifomar unguwarmu ce ta ƙone, aka ɗora mini bin gidaje tara na layinmu in ji ƙarfin kowa, sannan in yanka kuɗi ɗaya da kowane gida zai biya. Mutum takwas suka faɗi nasu: dubu 1, dubu 2 mutum biyu, dubu 3 mutum uku, sai dubu 5 da dubu 6. Alhaji mai gidan bene, ko gilashin mota bai gama saukewa ba, ya ce a rubuta masa dubu 200.

Na tara, dubu 225. Na raba gida tara, 25 cif.

Bayan sallar Isha'i na karɓi makirufo na gyara murya: "Jama'a, bisa matsakaicin lissafi, kowane gida dubu 25 ne."

Tsit. Har ƙarar janareta sai da na ji kamar ta rage. Ashe makirufon a haɗe yake da lasifikar kiran salla, matan aure ma sun ji daga tsakar gida. Baba mai faci ya dafa gwiwa ya miƙe a hankali, ya ce, "Ɗan nan, ni da na ce dubu ɗaya, sauran 24 ɗin a aljihun wa ka hango su?" Ni kuwa sai na sake maimaita jimlar da ƙarfi, wai ko bai ji ba ne. Sau biyu unguwa ta sha ta. Liman ya sunkuyar da kai yana jan carbi, kafaɗunsa na rawa.

Mai gyaran rediyo ya matso, cike da tausayi, ya karɓi kalkuletar ya jijjiga ta a kunne. "Malam, ba laifinka ba ne, batir ne ya yi sanyi. Ka ciro shi ka ɗan cije shi, ka shanya a rana." Ƙarfe takwas na dare fa. Har ya soma neman sukundireba a aljihu.

Ɗan yayata, ɗan sakandare, ya ja mini riga: "Kawu, jera su za ka yi daga ƙarami zuwa babba ka ɗauki na tsakiya. Na biyar, dubu 3. Ko miliyan Alhaji ya ce, na biyar ba ya motsi."

Dubu 3 aka tsayar. Alhaji kuwa sola ya sa a gidansa, har yau ba mu ga ko sisinsa ba.