Baƙin Allo Da Jerin Waɗanda Ake Zargi

Kamfani ya ce furosesar nan iyakar gudunta gigahaz 4 da ɗoriya. Malam mai haɗa kwamfuta da hannunsa ya shiga BIOS ya ce sai 5, ya ƙara mata wuta, kamar mai ɗura wa jaki kofi don ya yi sukuwar sallah. Ana tsakiyar wasa allo ya yi baƙi ƙirin, fankoki suna ta kuka.

Nan take bincike ya fara. Wayar HDMI ce. A'a, Windows ne. Direban katin hoto ne. Maƙwabci ne mai baƙin ido.

Maganin kuwa sananne ne: a cire ƙaramin batirin CMOS a mayar da saitin asali, a gwada RAM da MemTest86, a gasa furosesa da Prime95 ana duba zafinta, kada ya kusanci digiri 100, sannan a tabbata akwatin wuta na iya ɗaukar nauyin.

Kusan kowace na'ura a cikin kwamfutar tana da manhajar gwada lafiyarta. Mai zaune a kujera ne kawai har yau ba a ƙirƙiro masa tasa ba.