Turmi Ba Ya Ritaya

A ƙauyukan Kiru da Bebeji kayan gida ba sa ritaya, wurin aiki kawai ake sauya musu. Turmin da gindinsa ya huje bayan shekaru yana shan taɓarya, kifa shi ake yi a tsakar gida ya zama kujera, tulun da ya tsage kuwa a ɗora shi bisa katanga ya koma ɗakin tantabaru. Langa, wato kwanon jere mai fenti da murfi, wadda a da ake auna gatan amarya da yawanta, ita ta fi ganin ƙasƙanci, domin tun zuwan tangaran kaji ke shan ruwa a cikinta, alhali a birnin Kano irinta ake gogewa a dasa fure a falo, baƙi suna tambayar inda aka sayo.