Kyaftin marar inji

Taubashi,

 Ka gaishe min da Baba da Inna, amma kada ka karanta wa Inna wannan wasiƙa, don ba za ta runtsa ba.

Lasisi dai ya zo hannu, daga yau Kyaftin za ka riƙa kirana. Sai dai jirgina ba irin na ɗaliban kwalejin tuƙin jirgin sama ta Palladan ba ne, masu hana mutane barcin rana. Nawa ko injin babur ba shi da shi. Da doguwar igiya ake fizgar sa daga ƙasa, in ya kai kamar mita 400 sai in sake ta, sauran kuma tsakanina da iska mai ɗumi da ke tashi in rana ta gasa ƙasa. Abin da ungulu ke yi kyauta a saman mayanka, shi na biya Jamusawa suka koya min a tudun Wasserkuppe, inda suka fara gasar wannan abu a 1920.

A dokarsu, sabon lasisi bai isa ɗaukar fasinja ba sai ka ƙara awa 10 ko tashi 30 da kanka. Ina cikawa na gayyato wani Bakano mai tura tsofaffin motoci gida. Da ya ji jirgin ba ya shan mai, sai ya ce lallai sana'ar nan akwai riba, bai tambayi dalili ba. Aka goya masa lemar sauka, ya ɗauka kyauta ce.

Ina sakin igiya wuri ya yi tsit, sai kukan iska. Daga kujerar baya na ji, "Malam, inji ya mutu!" Na ce, "Alhaji, dama babu." Taubashi, bawan Allah nan ya karanto duk surar da ya haddace, da na karkata fiffike muka fara kewaya kuwa ya yafe wa duk wanda yake bi bashi. Bakano fa! Muna dira kan ciyawa ya gyara hula, ya ce yafiyar sama ba ta aiki a ƙasa.

Kujerar baya tana jiranka. Amma ka fara turo min nauyinka, don ana auna fasinja, ni kuwa na san yadda kake yi da tuwon Inna.

Naka,
Kyaftin