Niyya Ba Ta Rage Tumbi

A Unguwar Sanusi babu abin da ya kai niyyar gyara lafiya araha. Da zarar likita ya auna jinin magidanci ya girgiza kai, sai a dawo majalisa da manyan alkawura: an bar gishiri, an bar fushi, gobe da asuba za a taka har Dandalin Murtala. Hukumar Lafiya ta Duniya minti 150 na motsa jiki ta nema a mako, da gishirin da bai kai giram 5 a rana ba. Mutumin naka ya ce wannan ai wasan yara ne, shi ninkawa zai yi.

Gari ya waye. Ya ɗaure kambas ɗin da ya sayo a Kasuwar Barci, ya fito yana huci. Tsautsayin shi ne teburin mai shayi yana bakin layi.

"Ranka ya daɗe, yau kuma soja aka koma?"

"Bari kai dai. Haɗa mini mai kauri, amma ka rage sukari."

Mai shayi ya zuba cokali huɗu, ya ɗan karkaɗe na biyar saboda lafiya, ya fasa ƙwai uku.

Batun kwanciyar hankali kuwa ya kai azahar lafiya lau, har aka ɗauke wuta, Hajiya ta tuna masa kuɗin makarantar yara. Ita ma ta cika nata alƙawarin: ta cire gishiri daga miya, ta ƙara dunƙulen magi biyu.