Da Ka Sani Ka Bugi Jakin

Gwiwata ta hagu har yanzu ba ta lanƙwasuwa, a zaune nake sallah, farar babbar rigata kuma tana jiƙe a baho tun ranar Asabar. Don haka a yi mini uzuri, ba zan tsaya doguwar gaisuwa ba.

A duk garin Bagudo ban san mai mashin da ya kai ni cikar takardu ba. Boxer ce sabuwa da lambarta. Ina da lasin aji A na masu babur, wanda 'yan kabu-kabun tasharmu ke ji kamar a tatsuniya. Ina da inshorar naira 3,000, kuɗin da hukumar NAICOM ta yanka wa babur daga 1 ga Janairun 2023, lokacin da ta ɗaga na ƙananan motoci daga 5,000 zuwa 15,000. Da 'yan sanda suka fara kamen marasa inshora a Fabrairun 2025, kowa na kuka ni ina murna. In na hango shinge sai in rage gudu in gyara zama ko za a tambaye ni takarda, sai a ɗaga mini hannu in wuce. Abin na ƙona mini rai.

Sannan na yi horo. Wata ƙungiya ce ta tara masu mashin a filin firamare, ni kaɗai na zo da littafi da biro. Malamin ya ce a ɗaure igiyar hular kwano a haɓa, a bar hawa da silifa, a naɗe riga kada sarƙa ta ci ta. Ya ce a kan kwalta birkin hannu ne ke yin yawancin aikin tsayawa, amma a cikin yashi wanda ya damƙe shi ya yi sallama da kujerarsa. Babban darasin da ya yi ta nanatawa har na ja masa layi biyu shi ne: inda idonka ya tsaya, can mashin zai kai ka. In abu ya tare maka hanya kada ka kalle shi, kalli mafita.

Ranar Asabar akwai suna a dangin matata a Segbana, cikin Jamhuriyar Benin. Mu nan iyaka ba ta raba zumunci, ta Tsamiya ake bi a gangara. Uwargida ta riga ni tafiya, ta bar mini saƙon jarkar manja in kai gudummawa. Na ɗaure ta a baya da roba, na ɗora hular kwano a kan farar shadda, na kama hanya. A tsallaken iyaka wani ɗan sandan Benin ya tsayar da ni. Su can tun Maris na 2024 ba sa wasa da hular kwano, mai tuƙi da na baya duk sai sun sa. Ya duba igiyar, ya duba takardu, har na nuna masa cewa inshorata tana tafe da katin nan mai ruwan ƙasa na ECOWAS, wanda aka sa hannu a yarjejeniyarsa a Kwatano tun 1982 domin wanda ya yi ɓarna da abin hawa a ƙasar maƙwabta. Mutumin ya sara mini. Wallahi ya sara mini. Na ja mashin ina jin kaina jakadan Najeriya.

Ko giya ta uku ban sa ba jaki ya fito.

Daga bayan wata rumfar mai sayar da fetur a kwalba ya ɓullo, ba kaya a bayansa, ba sauri, ya zo tsakiyar hanya ya tsaya yana tunanin duniya. A nan horo ya yi aikinsa. Ban kalli jakin ba. Na kawar da kai na nemi mafita, idona ya sauka a kan wani fili mai laushi a hannun hagu, mashin kuwa ya cika alkawarin malam, ya kai ni can. Filin nan ashe yashin da ruwan damina ya tara ne a bakin kwalbati. Tayar gaba ta nutse. Hannuna na dama, ba tare da ya yi shawara da ni ko da littafina ba, ya damƙe birki.

Mashin ya tsaya. Ni ban tsaya ba. Jarkar ma ba ta tsaya ba.

Na sha maimaita abin a raina, kuma kullum tsarin ɗaya ne. Na tashi ta saman kan mashin, na ga madubin dama ya wuce ta ƙarƙashina da fuskata a ciki, na juya a iska, na sauka rigingine. Gilashin hular ya rufe ƙaf. Akwai ɗan lokaci, bai fi na ƙifta ido ba, da na ce alhamdulillahi, an tsira. A cikin wannan ɗan lokacin jarkar tana sama tana neman inda za ta sauka. Ta zaɓi ƙirjina. Murfin ya yi nasa wuri, manja ya yi nasa.

Duniya ta koma ja. Gilashi ja, hannuna da na ɗaga ja, wani abu mai ɗumi yana gangara ta wuyana zuwa cikin kunne. Wata mata ta kurma ihu da Hausa tsantsa: "Wayyo, ya fashe!" Na yarda da ita. Na fara kalmar shahada da ƙarfi a cikin hular kwano, muryar tana dawo mini. Na yafe wa waɗanda nake bi bashi, har da wanda ya ari famfon tayata. Ina cikin karo na uku hancina ya kawo mini wani labari daban, domin mutuwa, a iya sanina, ba ta ƙamshin miyar ganye.

Ina kwance kamar kifin Yauri da aka tsamo daga tukunya, sai ga wani dattijo ya iso da sandarsa, ba gaggawa. Ya durƙusa, ya dangwala yatsa a ƙirjina, ya kai baki, ya ɗan yi shiru irin na masana.

"Manja ne," ya sanar wa jama'a. "Mai kyau kuma. Malam, nawa kas sayi wanga?"

Daga nan Baba ya karɓi ragamar lamarin. Da farko ya ce kada kowa ya cire mini hular, wai iska za ta shiga. Sannan ya ce hular ce ma ta jawo, ta yi nauyi ta rinjaye ni gaba, ya tuna mini cewa a 2009 da aka tilasta ta a Najeriya masu hankali a Kano ƙwarya suka kifa, ƙwarya kuwa ba ta rinjayar kowa. Ya ce in mutum zai faɗi ya riƙa zaɓar ɓangaren dama, ya fi albarka. Ya ce manja ba a ɗaure shi a baya, a gaba ake rungume shi. Wani yaro ya tambaye shi ko ya taɓa tuƙa mashin. Baba ya ce Allah ya kiyaye, shi bai yarda da abin da ba ya iya tsayuwa da kansa ba.

Ɗan sandan nan da ya sara mini ya iso. Ya dube ni, ya ja igiyar hular ya ji tana nan daram, ya ɗaga mini babban yatsa, ya koma bakin aikinsa. Ta fuskar doka ban da aibu ko ɗaya.

Aka tayar da ni, aka tayar da mashin. Fitila ta fashe, kan ya karkace, tanki ya loɓa, madubi ɗaya yana lilo. Sai na tuna ni mai inshora ne. Na ce wa jama'a su kwantar da hankalinsu, na zaro takardar daga leda, na kira wakilin da ya yanka mini ita. Da yake hannuna duk mai ne, yaron nan ya riƙe wayar ya buɗe murya kowa na ji.

Wakilin ya yi mini jaje, sannan ya ce, "Malam, wa ka buge?"

Na ce ba kowa, cikin alfahari.

"Motar wani? Shagon wani? Dabbar wani?"

Na ce ko kaza ban taɓa ba, na kauce kamar yadda aka koya mini.

Ya ce to ai shi ke nan, Allah ya tsare gaba. Wannan ƙaramar inshorar, in ji shi, wanda ka yi wa ɓarna take biya: wanda ka ji wa rauni, ko wanda ka lalata wa dukiya, ita dukiyar har naira miliyan ɗaya a takardar babur, in a ƙetare ne kuma ofishin katin ECOWAS na ƙasar ke bin maganar. Mashin ɗinka kuwa sai babbar inshora, wadda kuɗinta ba ya gaza kashi 5 cikin 100 na darajar abin hawan a shekara. Na ce gwiwata fa? Ya ce jikinka wata inshorar ce daban. Na ce manjan? Ya tambaya na wa ne. Na ce na matata. Ya yi shiru, sannan ya ce wannan ya fi ƙarfin kamfani.

Wato makaranta ta koya mini in kauce wa jaki, takardar aljihuna kuma ba ta san da ni ba sai na same shi. Ba wanda ya taɓa haɗa malaman nan biyu a ɗaki ɗaya.

Baba dai kalma ɗaya ya tsinta a duk bayanin. "Miliyan?" Ya juya ya dubi jakin, wanda har lokacin yana tsaye inda na bar shi, ko kunne bai kaɗa ba. Ya dube ni da tausayi na gaske.

"Ɗana, da ka sani ka bugi jakin."

Na ce Baba, ai dabba ce, rai gare ta.

"Ba kashe shi za ka yi ba. Ka ɗan goge shi. Kai ka huta da yashi, mai jaki ya samu na cefane, kamfani ya samu lada. Kowa ya amfana. Amma ka tashi ka kashe kuɗi ka yi karatun kauce wa arziki."

Sai wani siririn mutum da ke bayan taron tun ɗazu yana ɓoye fuska, don tsoron a ce dabbarsa ce ta jawo, ya matso gaba. Ashe shi ne mai jakin. Ya tambayi yaron nawa miliyan ɗaya take a kuɗin sefa. Yaron ya lissafa a wayata ya faɗa masa. Mutumin ya cire hula ya share zufa. Ya je ya kamo jakin ta wuya, ya gyara masa tsayuwa a tsakiyar hanya, ya juyo da gindinsa wajena, ya dawo ya rusuna.

"Malam, mashin ɗin shina tashi har yanzu?"