Jinjina Ga Mai Girma "Ana Kan Bincike"

Ranka ya daɗe, Ana Kan Bincike! Sarkin da ba rawani, amma ya fi alƙali iko. Kotun da ba ta zama, ba ta kiran shaida, hukuncinta kuwa tun daga bakin ƙofa yake farawa. Dole a gode maka, domin babu wanda ya rage wa talakan Najeriya wahalar zuwa kotu kamarka.

Dubi nauyin da Tsarin Mulkin 1999 ya so ɗora wa mutane. Sashe na 35 ya ce wanda aka kama a gurfanar da shi cikin kwana 1 idan akwai kotu a tazarar kilomita 40, in babu, kwana 2. Wannan ai gaggawa ce, gaggawa kuwa aikin Shaiɗan. Kai da ka san darajar baƙo, sai ka ajiye shi a bayan kanta mako guda, ya huta da hayaniyar kasuwa, sauro da kuɗin cizo suna ɗebe masa kewa. Sashen ya ce a rubuta masa dalilin kamun cikin awa 24, da harshen da yake ji. Ka ɓoye masa, don kada hankalinsa ya tashi. Sashen ya kuma ce yana iya yin shiru har sai ya ga lauya. Ka san lauya da tsada, sai ka taya shi buɗe baki da dabarunka, waɗanda dokar hana azabtarwa ta 2017 ta kasa gane hikimarsu.

Wajen raya zumunci ma ba ka da na biyu. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015 da dokar 'yan sanda ta 2020 sun hana kama wani a madadin wani. Amma ka zo neman ɗa, ba ka same shi ba, ka koma hannu rabbana? Sai ka tafi da tsohuwarsa, ai jini ɗaya ne. Dokokin nan sun hana tsare mutum a kan bashi, kai kuwa da rikicin bashi da na haya duk ka ɗauke wa alƙalai su.

"Beli kyauta ne," haka ake liƙawa a bangon caji ofis, kuma ba ka taɓa ƙaryata bangon ba. Abin da ake biya kuɗin biro ne, da na takarda, da na mai. Tunkiyar da uwa ta sayar don ɗanta ya kwana a gida, ai ita ta ga dama.

Babbar kyautarka ita ce ta ranar sallama: "Je ka, za mu neme ka." Ba tuhuma, ba wankewa. Babur ɗinsa na nan a harabarka, rana da ruwan sama na lura da shi. Ubangidansa ya ɗauki wani yaron shago. Iyayen yarinya sun maido da kayan sa rana. Unguwa ta yi masa laƙabi da ɓarawo, ko da yake sashe na 36 ya ce ba shi da laifi sai kotu ta tabbatar. Doka ta tanadar wa wanda aka tsare ba bisa ƙa'ida ba diyya da neman afuwa a bainar jama'a, amma ka koya masa tarbiyya: ya ce alhamdu lillahi da ya fito da ƙafafunsa, ya bar wa Allah.

To, ya bar masa ɗin, ranka ya daɗe. Akwai zaman da za a yi a gaban Alƙalin da fayil ba ya ɓata a wurinsa, ba ya karɓar kuɗin biro, ba ya cewa a dawo gobe. A ranar an gama bincike. Allah ya saka maka daidai da abin da ka shuka.