Shugaba Ya Ce A Nemo Shi

Jiya abin ya faru, har yanzu kunnuwana zafi suke yi. Ƙungiyarmu ta tsofaffin ɗalibai ce ta ɗora mini aikin sa akwatin bincike a shafinta na intanet. Na ɗauko injin bincike na Solr, na haɗa shi da Tika mai zaro rubutu daga cikin PDF da Word, na nuna masa foldar ƙungiya gaba ɗaya na ce bismillah. Bai bar ko loma ba.

Da aka zo taron gwada aikin, aka haska majigi a bango, dattawa suka jeru. Shugaba ya gyara babbar riga ya ce, "To ɗan nan, rubuta 'Shugaba' mu gani."

Shi wannan inji bai san girma ba. Ƙirga yake yi: sau nawa kalma ta fito a takarda, kuma gajeriyar takarda ta fi doguwa daraja a wurinsa. Lissafin BM25 ke nan, wanda Lucene, uwar Solr, ta koma kansa a 2016. Don haka kundin tsarin mulkinmu mai shafuka tuli ya gangara can ƙasa. Wadda ta ɗare sama wata 'yar takarda ce da nake rubutawa lokacin taro don kada barci ya sace ni, kowane layi da kalmar 'Shugaba' ya fara.

Ga ta a bango, kalmar an yi mata kauri a duk inda ta fito. Sakatare kuwa, bawan Allah, ya saba duk abin da aka haska shi ke karantawa. Ya miƙe, ya yi gyaran murya. "Shugaba ya fara gyangyaɗi. Shugaba ya farka ya ce mun amince. Shugaba ya ko..." Nan ya tsaya, bakinsa a buɗe. Wani a baya ya ƙarasa masa: "ma."

Sai Alhaji Ma'aji ya matso da kujerarsa, ya dafa kafaɗata cikin tausayi. "Yaro, gwada da ƙananan baƙaƙe." Na san Solr ɗina yana mayar da kalmomi ƙananan baƙaƙe tun kafin ya sa su a fihirisi, amma wa zai musa wa ma'aji a irin wannan lokaci? Na gwada. Ta sake fitowa, waɗanda ba su gama karantawa da farko ba suka ƙarasa.

Hannu na rawa na goge takardar daga folda, na sake dannawa. Tana nan daram. Fihirisin yana riƙe da nasa kwafin har sai an sabunta shi.

Ma'aji ya yi shiru, ya shafa gemu, kamar likitan da ya gano ciwo. "Bangon ne," in ji shi. Ya tashi da kansa ya juya majigin zuwa ɗaya ɓangaren.

A nan Shugaba yake zaune. Rigarsa fara ce ƙal, rubutun ya fito a kanta fes.